Tsarabar Malam Ɗalhatu

Gemu ne ya yaudari Ado. Ya shiga wani shagon tsofaffin littattafai a unguwar Karama, can ƙasar Larabawa inda yake aiki, yana neman tsarabar da zai aika wa Malam Ɗalhatu, mahaifin Hafsa, tsohon malamin Turanci wanda har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba kan maganar aurensu. Sai ga littafi mai kauri, a bangonsa wani dattijon Bature da farin gemu har ƙirji, ya yi tagumi. Ado ya ce wannan masani ne, ko tantama babu. Shi kuwa in ba takardar kago ta kayan da ake aikawa a wurin aikinsa ba, ba ya karanta komai. Ya sayi biyu, ya ajiye ɗaya don a ce shi ma yana taɓa karatu, ɗayan ya damƙa wa Sanda, ɗan kasuwa mai komawa Kano.

Bayan 'yan kwanaki, abokin ɗakinsa Muhsin ne ya buɗe wanda Ado ya ajiye a gidansu, a unguwar Hor Al Anz. Ya karanta kaɗan, ya cire tabarau.

"Habibi, ka san abin da ka aika wa surukinka kuwa?"

Ashe dattijon makaɗin jita ne na kiɗan Turawa da ake kira rok, tarihinsa ya rubuta, kuma ko kunyar jikokinsa bai ji ba. Ya faɗi yadda suke cika bahon wanka da giya su shiga da takalmansu, da yadda ya farka a wata ƙasa kusa da matar da bai san sunanta ba. Har haƙorin zinarensa ya sayar ya sayi hodar iblis. A tsakiyar littafin ga hotonsa yana saurayi, haihuwar uwarsa, jita kawai ta rufa masa asiri.

Ado ya ɗauko waya. Ya kira Sanda nan take.

"Khalas, an gama," in ji Sanda, "tun jiya na kai, hannu da hannu."

Abu ɗaya ya rage masa: idon Malam ya yi rauni, wataƙila ya ajiye littafin a kan kanta kawai. Yana cikin wannan lissafin Hafsa ta kira, muryarta a dashe.

"Baba ya ji daɗin tsarabar sosai. Ya tara abokansa na masallaci a zaure, ya sa ni in karanta musu, ina fassarawa."

Ado ya zauna a ƙasa.

"Ya ce in gaya maka, kawunnanka su dakata da zuwa tukuna."