Shafi na Tara

Shekara ashirin da huɗu mataimakin magatakarda ya yi a ofishin jami'ar nan, har ma'aikata suka laƙaba masa Baba Fayil, don ko ido a rufe ya san inda kowace takarda take. Da magatakarda ya yi ritaya kowa ya ce kujerar tasa ce, shi ma har ya ɗinka sababbin kaya. Kwatsam sai aka ɗauko wata mata, wadda ta shekara goma sha biyu tana aikin gidan yari kafin ta koma koyar da nazarin laifuffuka, aka ɗora ta a kansa. Kura da shan bugu ke nan!

A gabanta "ranki ya daɗe", a bayanta "Ganduroba". Abin da ya fi ci masa rai shi ne matar ta iya aikin. Ta zo da tsarin wajensu: kowane fayil a bi shafukansa da lamba, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu a bangon fayil ɗin. Fayil ya daina ɓata, mutane suka kama yabonta, shi kuwa yabon nan kamar ana zuba masa barkono a ido.

"Hassada ce kawai ke cinka, Malam," in ji matarsa.

"Ni? Wa zan yi wa hassada, mai gadin fursuna?"

Ana nan sai ga fayil ɗin wani ɗalibi da aka kama da satar amsa, kwamiti ya ce a kore shi. Baba Fayil ya faki idon akawun da fayil ɗin ke hannunta, ta fita cin abinci, ya buɗe fayil ɗin a kan teburinta, ya zare shafi na tara, wanda ya nuna an ba ɗalibin dama ya kare kansa. In Ganduroba ta sa hannu a takardar korar a haka, lauya zai yi kaca-kaca da ita a kotu. Mai digirin shari'a da laifi, sai a ga ƙarshen iyawa.

Ba ta sa hannun ba. Ta ƙirga shafuka, daga takwas sai goma. Ta duba bango, hannun ƙarshe na akawu ne. Shi gogan bai sa nasa ba mana, kuma ko kusa bai tuna wa laifin zai faɗa wa ba.

Ran Alhamis ya tarar da akawu tana share hawaye da gefen mayafi, takardar tuhuma a gabanta. Matar nan shi ya koya mata aiki, shekara goma sha shida suna aiki tare.

"Wallahi Baba, ban san yadda aka yi ba," ta ce. "Kai ka san ni."

Ya kuwa san ta. Ya koma ofishinsa ya zauna, ya tashi, ya sake zama. In ya yi magana sunan da ya gina ya rushe, saura wata bakwai ya yi ritaya. Can dai ya jawo durowa, ya ɗauki shafin, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya so ta zama tasa.

Magatakarda ta karɓa, ta mayar da shi tsakanin takwas da goma, ta ce, "Zauna, Baba."

"Ranki ya daɗe, a... a wurina yake. Ba ruwan akawu."

"Na sani tun ran Litinin. Da ɓata ya yi, da hujin da aka ɗaure takardar ta cikinsa ya yage. Wannan zarewar ƙwararre ce, ƙwararre kuwa ɗaya gare mu." Ta ɗago ta dube shi. "Na daɗe da masu laifi, Baba. Na san wanda sai an kamo shi, na san wanda zai kawo kansa. Yau zan janye tuhumar akawu, da ma don ka zo da ƙafarka na rubuta ta, ni zan ba ta haƙuri, don ni na sa ta kuka. Je ka ci gaba da aikinka."

Ya fito. Da ta kai shi gaban hukuma, da ya samu abin da zai riƙe ta da shi har ya mutu. Ya tsaya a baranda, ya tambayi kansa ko da shi ne a kujerar nan zai iya yin abin da ta yi. Ya san amsar, kuma ita ce ta fi komai ƙona masa rai.