Farar Rigar Tela

Da hannun hagu Baba yake guga yanzu. Yana zaune a bakin teburin da ya yi shekaru yana yanka yadi a kai, ya danne wuyan farar rigarsa da gwiwar hannun daman da ya shanye, yana bin kafaɗar da dutsen guga a hankali kamar yaro mai koyon rubutu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. 'Yarsa tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da takardun tallan wasan da za su yi da yamma.

"Baba, kawo in ƙarasa maka."

"Ke da guga?" Tun da ciwon ya ja masa baki maganarsa take fita a karkace, amma tsokanar tana nan daram. "Ranar da kika goge mini wando, kari uku ya fito da shi. Je ki ji da kiɗanku."

Kafin shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi bara, duk layin an san Tela da ɗinkin da ba ya warwarewa da rigar da ba ta yamutsewa. Ko shara zai fita zubarwa sai ya leƙa madubi. Yanzu keken ɗinkin yana lulluɓe da tsohon zani, shi kuma duniyarsa ta tsaya daga gado zuwa tebur. Likita ya ce sai an riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi, kuma sai da keken guragu. Mama kuwa wankau take yi a gidajen mutane, abin da ta samo a tukunya yake ƙarewa.

Yarinyar shekararta goma sha shida, ita ce sakatariyar wata ƙungiyar 'yan makarantarsu, har sunan ya bi ta, kowa Sakatariya yake ce mata. Yaran ba su da ko sisi, sai murya da ƙafar yawo. Sukan aro lasifika, su roƙi filin makaranta ranar hutu, su yi kiɗa da waƙa, sannan su zagaya da kwali. Da haka suka gyara rufin wani aji da ke yoyo, da haka suka sai wa gidan marayu katifu. Wannan karon Dogo, shugabansu mai kaɗa jita, ya ce a yi don masu shanyewar jiki na unguwa, kuma a fara da Baba.

Sai ga wani kamfanin lemon kwalba ya shigo ciki. Ya ce rumfa da kujeru da janareto duk a kansa, har da kekunan guragu ga Baba da sauran, amma da sharaɗi: a hau da mutum ɗaya kan dandamali, mai hotonsu ya ɗauka, kuma Baba aka zaɓa. Sakatariya ta kwana tana juya yadda za ta faɗa wa Baba. Da ta faɗa, dariya ya yi.

"'Yata za ta yi waƙa a gaban jama'a, ai ko ba a gayyace ni ba sai na zo."

* * *

Dogo da wani abokinsa ne suka ɗauko shi daga tasi, suka zaunar da shi a kujerar roba bayan dandamali. Rigar tana ɗaukar ido, takalmansa sun sha mai. Sakatariya ta dube shi, ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji, domin rabon da ta ga ubanta a waje haka tun kafin ciwon.

Mai hoton kamfanin ya iso da jaka a kafaɗa, yana taunar cingam. Ya kalli Baba daga sama har ƙasa, sannan ya ja Sakatariya da Dogo gefe, ɗan nesa kaɗan.

"Wannan ne mabuƙacin? Haba ƙanwata, ai wannan ya fi ni kyan gani. Wa zai sa hannu a aljihu don mutumin da ya yi kama da mai makarantar?"

"Haka yake sa kaya," in ji ta. "Tela ne."

"Na ji. Amma mutane da ido suke bayarwa. Ni aikina ke nan, na san abin da ke motsa su."

Ya zuge jakar, ya zaro wata riga ruwan ƙasa, wuyanta a yage, hannu ɗaya a tsinke. Ya karkaɗe ta da irin sabon da mutum yake yi wa kayan aikinsa.

"Kullum tana cikin jakata. Ba ƙaramin alheri rigar nan ta jawo wa mutane ba. Minti kaɗan ne, ana gamawa ya mayar da tasa."

Sakatariya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta juya ga Dogo tana jiran ya yi magana, shi da ba a rufe masa baki a taro. Dogo ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jitarsa.

"Sakatariya, wallahi ni ma ban so ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Rumfarsu ce, wutarsu ce. In suka janye, ba Baba kaɗai zai rasa keke ba, har tsohuwar nan ta bayan kasuwa da sauran."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ta haushi. Ta karɓi rigar da yatsu biyu, ta nufi inda Baba yake. Ta durƙusa a gabansa da rigar a hannu.

"Kunnena bai shanye ba," in ji Baba. "Miƙo in gani."

Ya ɗora rigar a cinya, ya juya wuyan ciki waje, ya bi bakin yagewar da babban yatsa, yadda yakan duba ɗinkin da aka kawo masa gyara.

"Wannan ba tsufa ya yaga ta ba," ya ce a hankali, ita kaɗai ta ji. "Almakashi ne."

"Baba, mu tafi gida. Wallahi mu tafi, a fasa."

Ya kalli kujerun da suka fara cika, da yaran da ke ta kai da kawo da wayoyin lasifika, fuskokinsu sai ƙyalli suke don murna.

"Sauran mutanen za su samu nasu?"

"Haka suka ce."

"To ɓalle mini maɓallan."

Da hannunta ta ɓalle su, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan yadin da ya sha guga. Da ta zo naɗe farar rigar, sai ya taɓa mata hannu.

"Bi karin. Kada ki karya shi."

* * *

Wasa ya yi wasa. Dogo ya kaɗa jita kamar zai tsinka ta, masu ganga suka tashi filin, yara suka cika gaban rumfa da tsalle. Da aka zo tsakiya, sai aka ɗauko Baba da kujerarsa aka ajiye a tsakiyar dandamali. Mai gabatarwa na kamfanin ya sassauta murya, ya ce jama'a su dubi bawan Allah, su dubi yadda rayuwa ta mayar da shi. Don kada wani ya yi shakka, ya ɗaga hannun daman Baba sama, ya sake shi ya faɗi a cinya. Filin ya ɗauki salati, wayoyi suka tashi sama.

A nan aka miƙa wa Sakatariya makirufo. Waƙar da ta yi wata guda tana koyo don Baba ya ji, ita ta rera, idonta a kan ƙarfen rumfa. Sau ɗaya ta saci kallonsa. Bai ɗago ba, takalmansa yake kallo, su kaɗai suka rage masa daga shirin safe, mai hoto kuwa ya durƙusa ta inda ba za su fito ba.

Mata suna share hawaye, kwalaye suna cika. Ba su taɓa tara irin na ranar ba. Da aka tashi, 'yan ƙungiya suka rungume juna suna ihu, ita ma aka rungume ta, ta yi murmushi saboda ana kallonta. A ranta kuwa kunya take ji, da haushin kanta, don ita ta ɓalle maɓallan.

* * *

Kamfanin ya cika alkawari, wannan kam babu musu. Tsohuwar bayan kasuwa ta samu kekenta, sauran ma suka samu. Na Baba ya iso sabo fil, sunan lemon a rubuce ɓaro-ɓaro a bayansa. Hoton kuma ya riga keken isowa: yana cikin wayar kowa, yana manne a jikin firij ɗin kowane kanti a layin, Tela cikin yagaggiyar riga, baki a karkace.

Maƙwabta suka riƙa tare Mama a hanya. "Ashe abin har ya kai haka, ba ku faɗa ba?" Wani mutum da Baba ya yi shekaru yana yi wa ɗinki ya aiko da buhun tsofaffin kaya, ya ce a ba Tela ya rufa asiri. Baba ya ce a yi masa godiya. Tun daga ranar bai ƙara tambayar ko an kawo wuta ya yi guga ba.

"Baba, ga keke ya samu, yaushe za mu fara zuwa gashin?"

"Gobe."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Don a je asibiti sai an bi ta layin, a layin kuwa akwai kantuna.

Wata safiya Dogo ya aiko mata saƙo a waya cewa kamfanin ya ji daɗi ƙwarai, suna son a sake wani wasan, a nemo musu wani mabuƙacin. Sakatariya ta kife wayar. Ta ciro farar rigar daga akwati, ta jona dutsen guga, ta shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Da gangan ta kauce wa tsohon karin hannun, ta kafa wani a gefensa, ta ƙara wani. Sannan ta ɗauka ta kai masa bakin gado, ta ɗaga ta yadda haske zai nuna ɓarnar, tana jiran ya ce, ke da guga?

Baba ya dubi rigar, ya daɗe yana dubanta. Wadda ke jikinsa a yamutse take, da ita ya kwana.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Ajiye."

Ta rataye ta a bayan keken guragun da ke jingine a kusurwa. Har yanzu ba a cire ledar da ke naɗe da tayoyinsa ba.