Batirin Malam Gwangwani

Da Baba Dalyop ya faɗi, dariya muka yi.

Ya zame daga kan kujerar roba, kafaɗarsa ta bugi gefen teburin talabijin, ya kife a kan leda, hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa. A cikin akwatin kuma mutum-mutumin ƙarfen nan da muke kira Malam Gwangwani ya tsaya cak a tsakiyar kicin ɗin Turawa, fitilun idonsa sun mutu, ƙwai yana ƙonewa a kasko.

"Yau har da buga tebur," in ji Abdulrauf, ɗan gidan da ke kallon namu. "Baba ya ƙware."

"Kar wanda ya taɓa shi," in ji Zipporah, 'yar Baba Dalyop, ko juyowa ba ta yi ba. "Kun san doka."

Mun san doka. Shi da kansa ya kafa ta. Duk lokacin da batirin Malam Gwangwani ya ƙare a cikin fim, shi ma Baba Dalyop sai ya faɗi ya sandare, kuma ba ya tashi sai ƙarfen ya tashi. Wanda ya taɓa shi ko ya yi masa cakulkuli kafin lokacin, Asabar mai zuwa a waje zai tsaya, ta taga zai yi kallo. Abdulrauf ya taɓa ɗanɗana hukuncin nan, bai sake ba.

Baba Dalyop mutumin Filato ne, ma'aikaci a sakatariya. Tun ina goye ya kama haya a gidan da ke jikin namu a Yalwawa. Wani abokinsa a Jos yake ɗauko masa finafinan yara daga tauraron ɗan adam ya aiko masa a kaset: yaron da ya sauko daga wata duniya ya ɓuya a firij, kare mai magana da ya saci jirgin sama, 'yan makarantar da suka mayar da hedimasta ɗan mitsitsi suka saka shi a kwalba. Turancin ya fi ƙarfinmu, don haka shi yake fassara mana, yana zaune gefen akwatin, yana sauya murya. Daga baya na gane rabin abin da yake faɗa shi yake ƙirƙira. A bakinsa mutanen sama suna gaishe da juna da "ina gajiya", suna cinikin tattasai, suna kukan tsadar mai.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a gidan kallon unguwarmu ya rufe. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu shiga gidan Baba Dalyop ma. Abbanmu bai hana mu ba. Sau ɗaya ya leƙa, ya ga ƙofa a buɗe, maza a gefe mata a gefe, ya ga wani koren yaro yana cin alli a aji, ya girgiza kai ya fita. Ni lokacin shekarata goma sha uku, daidai da Zipporah. Abin da ya sa muke son finafinan nan shi ne yara ne masu wayo a ciki, manya kullum su ake yi wa dabara, kuma duk ɓarnar da aka yi ana gyara ta kafin uwa ta dawo daga aiki. Ba a mutuwa a cikinsu. Ko an harbe ka da bindigar haske, gashinka ne kawai zai miƙe.

Don haka muka ci gaba da kallo.

Yaran fim ɗin suka ɗora Malam Gwangwani a baro. Suka kai shi wurin 'yan gwangwan, aka kore su. Suka gwada batirin mota, ya yi hayaƙi. Babu mai fassara, sai Abdulrauf ya karɓa, yana kwaikwayon muryar Baba, muna ta ƙyaƙyatawa. Sau ɗaya na ji wani sauti daga ƙasa, kamar minshari, na ce, "Ji Baba, har da barci." Zipporah ta ce, "Yana so ne mu taɓa shi. Ƙyale shi."

Can aka yi tsawa a fim, walƙiya ta sauka a kan eriyar ƙarfen, idanunsa suka kama. Muka yi tafi. Muka juyo.

Bai tashi ba.

"Daddy, ya tashi fa," in ji Zipporah.

Ƙanwata Gaji, 'yar shekara shida, ita ce ta fi kusa da shi. Ta ɗaga ƙafarta daga kan ledar ta ce, "Yaya Ikilima, Baba ya yi fitsari."

Zipporah ta durƙusa ta juyo da shi. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Ido ɗaya a buɗe, yana kallon silin. Yana numfashi, amma irin na wanda ake jan igiya a maƙogwaronsa.

Ban tuna fitata ba. Na dai tsinci kaina a ƙofar gidanmu babu takalmi. Abba yana sauke buhunan gero da ya ɗauko daga Ringim a a-kori-kurarsa. Na ce masa Baban Zipporah ya faɗi. Ya saki buhun.

Shi da wani mai shago suka ɗauko shi. Sun sha wuya a ƙofa, don Baba Dalyop ƙato ne. Suka shimfiɗa shi a bayan motar a kan buhunan da ba a sauke ba. Abba yana jan ƙofa ya tambaya, "Yaushe ya faɗi?"

Ni ya kalla. Zipporah ce ta amsa.

"Yanzun nan."

Na kalli Abdulrauf. Yana kallon ƙasa.

"Ina mamanki?"

"Tana coci, taron zumuntar mata."

"Abdulrauf, ruga ka ce ta same mu a asibiti. Ke Zipporah, shigo gaba."

Motar ta tafi. Na koma na ɗauko takalmina da na Gaji. Fim ɗin bai ƙare ba, Malam Gwangwani yana rawa da tsintsiya. Ban san inda ake kashe bidiyon ba, sai na zare wayar daga bango.

Kafin magariba Abba ya dawo shi kaɗai. Ya tsaya a tsakar gida ya nemi buta. Ummanmu ta dube shi, ya girgiza kai, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

"Hawan jini ne," ya ce mata. "Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai. Yana ta tambaya tun yaushe yake kwance. Na ce yara sun ce yanzun nan. Ya ce bai yi kama da yanzun nan ba. Wai da an kawo shi da wuri, wataƙila."

"Wataƙila me?"

"Haka dai ya ce. Wataƙila. A gaban matar ya faɗa."

Ina bakin murhu ina fifita wuta. Na ci gaba da fifitawa har Umma ta ce tuwon zai kama.

Washegari Lahadi gidan ya cika. Mutanen cocinsu suka zo da kayan ado na ibada, ba su ko koma gida sun canja ba. Abba ya fito da bencinanmu ya jera a ƙarƙashin dalbejiya, ya zauna tare da mazan, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Mata suna waƙa a falo, a hankali, wani baitin da Hausa wani da yarensu. An lulluɓe talabijin ɗin da farin zane. Gawar tana asibiti, ana jiran dangi su zo daga Filato su tafi da ita gida.

Umma ta dama kunu ta ba ni in kai. Na sami Zipporah a bayan gida wajen tankin ruwa, tana wanke kofunan da aka riga aka wanke. Abdulrauf yana tsugune jikin katanga.

"Mama tana ta tambayata," in ji Zipporah. Muryarta babu hawa babu sauka. "Na ce mata yanzun nan."

"Ai haka ne," in ji Abdulrauf. "Wa ya san lokacin da abin ya zama na gaske? Ƙila da farko wasan yake yi."

"Ya bugi tebur. Bai taɓa bugun tebur ba."

"To ni na ce kar a taɓa shi?"

Ta ajiye kofin. Na ɗauka za ta mare shi. Sai ta ce, "A'a. Ni na ce." Ta ɗauki wani kofin.

"Ba mai faɗa," na ce. "Ko an tambaye mu. Ko, Abdulrauf?"

"Ni ba zan faɗa ba. Babana ma bai san ina zuwa ba, fatata zai cire. Ƙanwarki ce matsala. Bakin Gaji ai rediyo ne."

Da na koma gida na ja Gaji bayan ɗaki na ce mata in ta gaya wa kowa maganar doka, ba za ta sake ganin fim ba har ta mutu. Ta ce, "To wa zai riƙa yi mana magana a fim ɗin yanzu?" Na ce ta rufe min baki.

Ranar Litinin ban je makaranta ba. Da hantsi Maman Zipporah, Mama Liyatu, ta aiko a kira ni. Tana zaune a kicin a kan turmi, ta ɗaura baƙin ɗankwali, idanunta sun kumbura. Ta sa na rufe ƙofa.

"Ikilima, ke ba kya ƙarya. Tun kina ƙarama na san ki."

Na jingina da ƙofar.

"Wasan nan nasa na faɗuwa. Na sha gaya masa ya daina, ƙato da shi yana birgima a gaban yara." Ta goge hanci da bakin zane. "Ranar Asabar, shi yake yi?"

Ta taga ina hango bayan Zipporah, tana shanya. Ta tsaya da riga a hannu, ba ta rataya ba, ba ta ajiye ba.

"Yana faɗuwa muka kira Abba," na ce.

Mama Liyatu ta daɗe tana kallona. Sannan ta kalli taga. Ta kalli 'yarta ita ma ta daɗe.

"To," ta ce. "Haka ne. Yana faɗuwa kuka kira Malam." Ta faɗa a hankali, kamar mai haddace karatu. "Haka zan gaya wa kowa. Je ki. Ki ce wa ummanki na gode da kunu."

Na fito. Na wuce Zipporah na ce mata, "Shi ke nan." Ta rataya rigar. Muka zauna a dakalin ƙofar gida, kafaɗa da kafaɗa, muna kallon awaki suna cin bawon rake. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Yunwa kawai na ji.

Bayan la'asar wata tsohuwar tasi mai lambar Filato ta tsaya a ƙarƙashin dalbejiya. Mutum ɗaya ya fito, dogo, furfura a gefen kai, takalmansa baƙaƙe suna sheƙi duk da doguwar tafiya. Tsayuwarsa kaɗai ta sa mazan da ke benci suka gyara zama. Zipporah ta kama hannuna ta matse.

"Baba Aaron ne," ta ce. "Yayan Daddy. Ɗan sanda ne kafin ya yi ritaya."

Bai shiga wurin mata ba. Ya gaisa da mazan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaban Abba.

"Kai ne Malam Nata'ala? An ce kai ka kai shi. Na gode, Allah ya saka." Ya riƙe hannun Abba bai saki ba. "Daga asibiti nake. Na ga ƙanena, na kuma ga likitan. Akwai ƙulu a kafaɗarsa. An ce min yaran unguwa ne kaɗai a ɗakin."

"Yara ne, ranka ya daɗe. Kallo suke yi."

"Na sani. Ba wani abu. Ina so in ji daga bakinsu ne kawai."

Ya zauna a ƙarshen benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Idonsa ya bi ta kan Abdulrauf da ke laɓe a ƙofar gidansu, ya bi ta kanmu a dakali, ya wuce. Ya sauka a kan Gaji, tana tsugune tana zane a ƙasa da tsinke.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da alewa mai jar leda.

"Zo nan, 'yata," ya ce. "Ke ma kina kallon?"

Gaji ta waiwayo ta dube ni. Sannan ta karkaɗe hannunta a jikin riga, ta taka a hankali, ta tsaya a gabansa tana ƙoƙarin ɓare ledar da haƙori.