Farin Ƙyalle a Tashar Zango

Adawiyya na tsaka da ɗaura wa Murjanatu gemun auduga, sai Hajiya Kubura, shugabar makarantar, ta leƙo ta tagar zauren taro.

"Malama, Malam Maharazu ya iso. Ya ce sai ya ga wasan da idonsa kafin Asabar."

Adawiyya ta saki gemun. Malam Maharazu shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, kuma liman ne a cikin garin Zango. Wani ne ya kai masa tsegumi cewa Adawiyya, malamar adabi, tana koya wa 'yan mata labarin gumakan Girkawa, har za su nuna shi ranar ba da kyaututtuka. In ya ce a'a, aikin wata da watanni ya tashi a banza, kuma da wuya a sake barin ta ta tara yara don wasan kwaikwayo.

Ya shigo da sallama, dogo, siriri, da carbi a hannu. Ta russuna ta gaishe shi, ta jawo masa kujera.

"Allah ya gafarta Malam, tsohon labari ne na mutanen Girka. Wani dodo ne a cikin gida mai lunguna, ana kai masa samari yana cinyewa, sai wani jarumi ya ce zai bi su ya ceto su. Gumakan duk na cire su. Labarin na kawo shi nan gida."

"Nan ina?"

"Hanyar Mai'adua. Dodon shi ne masu kwasar yara zuwa Libiya."

Sai da maganar ta fita sannan ta tuna. Yazid, ɗan Malam, ya tsallaka iyaka tun daminar bara waccan, kuma tun wayar da ya yi daga Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta so ta ce wani abu. Malam ya ɗaga mata hannu.

"Su fara."

Barakatu ce jarumin, wani ɗan acaɓa da zai bi sawun ƙanensa. Ta ɗora tsohuwar kwat a kan hijabinta, ta durƙusa gaban Murjanatu mai fitowa a matsayin uba.

"Baba, in ka ga mota ta shigo tasha da farin ƙyalle a madubi, ina ciki da raina."

An jera bencuna aka yi lungunan gidan da ake kulle yara. Dodon kuwa 'yan mata ne a ƙarƙashin tamfol, hannaye na fitowa ta kowane gefe suna fizgar wayoyi da takalma. Jarumi ya shiga, ya ɓata, ya sha duka, ya ɓalle kwaɗo, ya fito da yaran. A kan hanyar dawowa murna ta sa ya manta da ƙyallen. Uba na tsaye a tasha ya hango mota babu komai a madubi, ya dafe ƙirji, ya faɗi. Nan wasan ya ƙare.

Malam ya daɗe yana kallon yarinyar da ke kwance a ƙasa, gemunta ya karkace.

"Haka Girkawan suka ƙare shi?"

"Nasu ya fi muni, Malam. Teku uban ya faɗa."

"Subhanallahi." Ya ja carbinsa. "Ban ga gunki ba, ban ga abin da ya saɓa wa addini ba. Amma ƙarshen nan ba gaskiya ba ne."

Adawiyya ta juyo ta dube shi.

"Duk ranar kasuwa ina tasha," in ji shi. "Motoci suna shigowa, nawa ba ya ciki. Ba faɗuwa ake yi ba, Malama. Tsayawa kake har kowa ya sauka, ka leƙa ciki, ka tambayi direba, sannan ka koma gida. Wani makon ka dawo."

"Malam, in uban bai mutu ba, labarin ya zama wani daban."

"To ya zama mana. Ba ke kika kawo shi Zango ba?"

Ta dubi Hajiya Kubura, wadda ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Ta dubi yaran. Tun tana kwalejin ilimi take son labarin nan saboda zafin ƙarshensa, kuma ba ta taɓa tunanin za ta taɓa shi ba.

"Murjanatu, tashi," ta ce. "Mu sake daga tasha. Kada ki faɗi. Ki tsaya har kowa ya sauka."

Aka sake. Mota ta shigo babu ƙyalle. Murjanatu ta tsaya ƙyam, tana duba fuskokin masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Barakatu ce ta ƙarshe. Ba a rubuta musu abin da za su ce ba, don haka suka tsaya suna kallon juna. Can sai Murjanatu ta kama kunnen Barakatu ta cikin hijabi, ta ce da muryar tsofaffi, "Kai, ina ƙyallen da ka ce?"

Yaran suka tuntsire da dariya. Malam ma ya murmusa, ya goge ido da gefen rawaninsa, ya miƙe.

Adawiyya ta raka shi har bakin ƙofa. Ya sa takalminsa, ya ɗan tsaya.

"Ranar Asabar ɗin, mata za su shigo?"

"Za su shigo, Malam. Ɓangarensu daban."

"To a ajiye kujera ɗaya a gaba. Uwar Yazid ta daɗe ba ta fita ba, kuma ba ta gani daga nesa."