Ƙwan da Ya Nutse

Vuai ya ɗaga kwalbar ya kara ta da hasken safiya. Ƙwan kifin duk ya kwanta a ƙasa. A gidan ƙyanƙyasar nan na bakin teku ƙa'ida ɗaya ce: ƙwai mai rai yana yawo a sama, wanda ya nutse a zubar.

Shekara huɗu yana kiwon manyan kifayen teku shida, irin da ake kira mwatiko, da suka rage a tanki. Manaja ya ce in wannan zubin ƙwan ma ya lalace, ranar Juma'a a kai su kasuwa.

Wata dattijuwa mai wanke tankuna, Bi Mwatima, ta ga fuskarsa, ta tambaye shi wa ya rasu. Ya miƙa mata kwalbar. Ta tsoma yatsa ta lasa.

"Wannan ne ruwan teku? Ai miyar asibiti ta fi shi gishiri."

"Inna, mu da ma'auni muke aiki, ba da harshe ba."

"To auna mana, likitan kifi."

Ya auna. Gishirin ya yi ƙasa ƙwarai. Kwana uku ana sheƙa ruwan sama, ga bututun da ke jawo musu ruwa dab da bakin rafi. A ruwa lami ko ƙwai mai rai ba ya iya tashi.

Ya ɗiga kaɗan daga ƙwan a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. Ƙwan garai yake, ƙwayoyin ciki sun rarrabu sun taru a kan gwaiduwa kamar hula. Cikin ɗari, tamanin da uku na raye. Ya riƙa ƙara ruwan gishiri a hankali har suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya.

Suka zauna a dakali da shayi da maandazi, wato fanken can, tana ta ba masu gadi labari, kowane karo tana ƙara wa harshenta daraja. Shi kuwa ya tuna daminar bara. Sau biyu ya zubar da ƙwai bai duba ba, kuma da bakinsa ya ce babbar macen da ke cikin kifayen ba ta da amfani. Aka yanka ta, aka dafa da madarar kwakwa. Har ƙari ya yi. Ba wanda zai taɓa tambaya.

Babur ɗin manaja ya shigo. Vuai ya faɗa mata abin da ya tuna. Ta ce, "Ka fara ba manaja labari mai daɗin, ɗan nan."

Ya shanye shayinsa ya miƙe.

"In na fara da na yau, Inna, ba zan faɗi na bara ba."