Jan Layi a Kan Amsar Auta

Baba ya jefa makullin motar haya kan tebur, ya miƙa hannu. "Ba ni wayar nan."

Auta ta ba shi. Ya dinga jan allon da babban yatsa, fuskarsa a murtuke. Tun da sakamakon jarrabawar intanet ya fito ta faɗi lissafi, ita da ba ta taɓa faɗuwa ba, yake mata wani irin kallo.

"Shi wannan malamin lissafin, me ya haɗa ku da kullum sai kin tura masa saƙo?"

"Baba, a kan manhajar jarrabawar ce. Amsar da za a rubuta ita ce lambar ta fi biyu kuma ba ta kai biyar ba. Ni na fara da ba ta kai biyar ba, sai ta ja mini jan layi. Ƙawata ta fara da ta fi biyu, aka ba ta maki. Ai abu ɗaya ne! Duk tambayoyin haka ta yi mini."

"Wato na'ura ce ta tsane ki?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke ce kishiyarta?"

Mama na bakin ƙofa da tsumma a hannu. Ita ma ta ga yarinyar tana murmushi da waya kwanakin baya.

*

Washegari a ofishin shugaban makaranta, malamin ya buɗe kwamfuta ya shigar da amsoshin biyu a gaban Baba da shugaban. Ɗaya ta fito kore, ɗaya ja.

Shugaba bai ko sunkuya ya duba ba. "Malam, kwamfuta ba ta san 'yar kowa ba. Yara da yawa sun faɗi. Me ya sa wannan ce kaɗai ta tsaya maka a rai?"

"Ita ce ta gano, ranka ya daɗe."

Baba ya dubi hannun malamin, ya dubi takalminsa mai sheƙi. Saurayi ne, ko aure bai yi ba. Baba ya miƙe. "Na gane abin da na zo ganewa."

A makon nan aka mayar da malamin ajin yara ƙanana. Auta kuwa aka kai ta shagon ɗinkin Gwaggo, inda ido zai kasance a kanta.

*

Bayan zangon karatu ya juya, kamfanin da ya yi manhajar ya gyara ta ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Tsohon sakamako ya zauna yadda yake. Ƙawar Auta ce ta biyo ta shago da labarin, tana haki.

"Yanzu ko ta ina kika fara tana karɓa! Ki faɗa wa Babanki mana."

Gwaggo ta ɗago kai daga keken ɗinki. "Me kuke ƙus-ƙus? Saƙon wa kika kawo mata?"

"Ba kowa, Gwaggo," in ji Auta.

Ta ja kujerarta ta koma ciki, ta lashi bakin zare, ta ci gaba da neman kafar allura.