Hoton Ya Kaka da Tsohon Lens

Direba ya riga ya ɗaure kaya a saman mota lokacin da Ya Kaka ta aika a kira Ikram.

Tsohuwar ta shafe fiye da rabin rayuwarta a wannan gida na unguwar Sheshe, yau kuwa za ta koma Maiduguri wajen ɗanta Bukar, domin ƙafafu sun ƙi, kuma shi ne ke da mai kula da ita. Ikram, jikarta ta wajen 'ya, ta same ta zaune a kan darduma, ta naɗa lafaya mai ruwan goro, ɗakin na ƙamshin turaren wuta.

"Ƙawata, ina abin hoton nan naki? Zo ki ɗauke ni."

Ikram ta tsaya sororo. Kowa a dangi ya san Ya Kaka ba ta yarda da hoto. A biki ko suna, da ta hango mai kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya.

"Yanzu, Ya Kaka?"

"To sai yaushe? Amma ba da waya ba. Ba na son a riƙa tura fuskata gida-gida."

Ikram ta shiga tunanin mafita. Tana da ƙaramar kyamarar dijital irin ta masu koyo, wadda take ɗaukar hotunan walima da ita, sai dai lens ɗin da ya zo da ita, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaba, ya faɗi a makon jiya ya tsage. Ta zari hijabi, ta saɓa kyamarar, ta bi lungu da sauri zuwa Shahuci, gidan ƙanin mahaifinta da suke kira Kawu Ɗantani, wanda ya yi sana'ar hoto a zamanin kyamarar fim.

Ta tarar da shi a soro yana shan koko. Tana haki ta faɗa masa. Ya shiga ciki ya fito da wata jakar fata da ta fara ɓarewa, cike da tsofaffin lens, suka zazzage ta a tabarma. Na farko da ta gwada bakinsa ma bai dace ba.

"Wannan na wani kamfani ne, sai da adafta," in ji shi. "Kar ki matsa, za ki ɓata mata baki."

Na biyu ƙarami ne mai nauyi, duk ƙarfe. Ta saita ɗigon alamar da ke jikinsa da na kyamarar, ta murɗa, ya yi ƙas ya zauna. Ta kunna, sai sikirin ya nuna wai babu lens a jiki.

"Kawu, ta ƙi ganinsa!"

"Ni ban san kan na yanzu ba. Namu ba sa magana."

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, Hajiya Safiya: direba na cewa rana na yi, hanya kuma da nisa. Ikram ta ce ga ta nan. Ta riƙa juya maɓallin sama ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan wanda mutum ke saita komai da kansa. Ta danna, kyamarar ta ɗauka. Hoton ya fito baƙi ƙirin.

"Buɗe shi," Kawu ya nuna mata zoben da ke gindin lens ɗin. "Wannan na haske ne. Na gaban kuma ki yi ta juyawa har idonki ya gamsu. Ba zai nemo miki fuska da kansa ba."

Ba ta tsaya godiya ba. Shi ma ya zura takalmi ya biyo ta.

A tsakar gida mata sun cika, ana ta sallama da kuka. Aka fito da Ya Kaka aka zaunar da ita a kujera kusa da ƙofar ɗakinta. Ikram ta durƙusa, ta ɗauka, ta duba: fari fat. Ta rage haske, ta sake. Wannan karon bangon baya ne ya fito tar, fuskar kuwa dishi-dishi. Gumi ya shiga mata ido. Direba ya danna hon daga bakin lungu.

"Ke, kin iya kuwa?" Ya Kaka ta tambaya. "Ko wuyana kike so ya sage?"

"Saura kaɗan, don Allah kar ki motsa."

"Ki nufi idonta," Kawu Ɗantani ya ce daga baya. "Bar numfashi in za ki danna."

"Ɗantani, har yanzu kana nan da iyayinka?" in ji tsohuwar. "Kai da ka yi ta bi na da akwatinka ranar auren Safiya, na kore ka da muciya?"

Matan suka fashe da dariya, ita ma ta dara. Ikram tana juya zoben a hankali, sai ta ga ƙwayar idon ta fito sarai. Ta danna, ta sake dannawa. Kafin ta duba, an riga an ɗaga Ya Kaka an nufi mota da ita.

Sai da motar ta ɓace a kwana, gida ya yi tsit, sannan ta zauna a dakali ta shiga dubawa. Yawanci sun lalace. Biyu ne suka yi: a ɗaya bakin tsohuwar a buɗe tana faɗa, a ɗayan tana dariya, zanen fuskarta na Barebari ya fito layi-layi, bayanta kuwa ya narke kamar hayaƙi. Kawu ya karɓa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta riƙe lens ɗin, shi ba abin da zai ƙara yi da shi.

Ta wanke hoton a babbar takarda, ta ba wani ɗan unguwarsu mai zuwa Maiduguri ya kai. Bayan kwanaki Kawu Bukar ya kira, ya miƙa wa tsohuwar waya.

"Ƙawata, na ga aikinki. Wace tsohuwa ce wannan kika aiko mini?"

"Ke ce mana, Ya Kaka."

"To, Allah ya yi miki albarka. Na sa an rataye a ɗakina. In kin zo da Sallah ki taho da abin, Bukar ma yana son a ɗauke mu tare."